Zachman, TOGAF, Ross ko Dietz: wanne za ka fara karantawa kafin ka tsara ma'aikata?

A Zariya yanzu, duk wanda ya ce yana son koyon tsara ginin ma'aikata, wato yadda ayyukanta da bayananta da manhajojinta da na'urorinta za su zauna tare ba wanda ya taka wani, shawara ɗaya ake fara ba shi: je ka karanta TOGAF, wata ƙa'idar tsara ma'aikatu, ka ci jarrabawarsa. Ɗalibin digiri na biyu a Samaru ya sha jin haka. Ma'aikacin sashen kwamfuta a asibiti ya ji, haka ma saurayin da wani Alhaji ya ɗauka ya haɗa masa rassan makarantarsa a manhaja guda. Ni ban ga haka ba. TOGAF yana da wurinsa, amma ba shi ne ƙofar shiga ba, kuma wanda ya fara da shi yakan ƙare da tulin takardu da ba wanda ya tambaye shi. Littattafan da suka kafa fannin nan ba su da yawa, sai dai kowanne tambayar da yake amsawa daban ce, don haka zaɓin ya dogara da abin da ya kawo ka.

Don kada maganar ta rataye a sama, mu ƙaddara wata makaranta mai zaman kanta mai rassa uku, ɗaya a Tudun Wada, ɗaya a Sabon Gari, ɗaya a Samaru. Kowane reshe da kashiyarsa, da littafin rasit ɗinsa, da Excel ɗin da akawun wurin ya tsara yadda ya ga dama. Uba ya biya kuɗin zango a Sabon Gari, bayan sati biyu ya tashi da iyalinsa ya koma Samaru, ranar Litinin aka koro yaro wai ana bin sa bashi. Alhaji mai makaranta ya gaji da sasanci, ya ce a sayo manhaja. Da wannan makaranta za mu auna littattafan.

An saba ƙirga tarihin fannin daga 1987, shekarar da John Zachman, ma'aikacin IBM, ya buga maƙalarsa a mujallar IBM Systems Journal. Shafi 17 ce kacal. Tunanin ya ɗauko shi ne daga magina da masu ƙera jirgin sama: abu ɗaya ake ginawa, amma mai shi da mai zane da ɗan kwangila da mai haɗa ƙananan sassa kowa da irin bayanin da yake riƙe da shi, kuma ba wanda za a ce nasa ne kaɗai gaskiya. Bazazzagi ba ya buƙatar dogon sharhi a nan. Lokacin da aka gina Masallacin Juma'a na cikin birni a shekarun 1830, abin da Sarki ya hango a ransa daban, abin da Babban Gwani ya auna na azara da bakan gizo daban, abin da mai kwaɓa ƙasa da mai cura tubali suka sani daban, masallacin kuwa ɗaya ne. Zachman ya ja tebur, ya jera mahangar mutanen a gefe, ya jera tambayoyi a sama. Da farko uku ne: mene ne, yaya ake yi, a ina. A 1992 shi da John Sowa suka ƙara uku: wane ne, yaushe, don me. A fasalinsa na yanzu tebur ne mai gida 36.

Amfaninsa shi ne ya nuna maka abin da ka manta ka tambaya. Ɗora makarantarmu a kansa, za ka ga gidan "mene ne" a cike, domin kowa ya san akwai ɗalibi da aji da rasit. Gidan "yaushe" kuwa wayam. Yaushe ne ɗalibi ya zama mai bashi, ranar buɗe makaranta ko bayan sati uku? Kowane reshe da tasa amsar, ba kuma wanda ya taɓa rubutawa. Iyakarsa ke nan. Ba ya ce maka ka fara daga nan ka bi nan, shi kansa Zachman ya sha nanata cewa tsarin rarraba bayani ne ya kawo, ba hanyar aiki ba. Ɗalibin da ya ɗauri aniyar cika gidaje 36 a kundin digirinsa zai tsufa bai gama ba. Karanta maƙalar a zama ɗaya bayan isha'i, ka liƙa teburin a bango, ka wuce.

Wanda ya fara cike wannan giɓi na rashin hanya shi ne Steven Spewak, a littafinsa Enterprise Architecture Planning na 1992: fara da fahimtar harkar, duba abin da ake da shi, tsara bayanai, sannan manhajoji, sannan na'urori, sannan jadawalin ƙaura. Yau ba lallai ka neme shi ba sai don tarihi, amma jerin nan nasa na bayanai kafin manhaja, manhaja kafin na'ura, ya cancanci a riƙe. Mu nan akasinsa muke yi: a sayo kwamfutoci tukuna, sannan a zauna a yi tunanin me za a zuba a ciki.

TOGAF ba littafin mutum ɗaya ba ne, ƙa'ida ce ta ƙungiyar The Open Group. Bugun farko ya fito a 1995, an gina shi a kan wani tsarin fasaha na Ma'aikatar Tsaron Amurka mai suna TAFIM. Bugu na 9 ya zo a 2009, na 9.2 a 2018, na 10 a 2022. Zuciyarsa wata da'ira ce ta matakai da ake kira ADM: a yi shiri, a fayyace manufa, a tsara ɓangaren harka, sai bayanai da manhajoji, sai na'urori, a duba hanyoyin mafita, a tsara ƙaura, a sa ido kan aiwatarwa, a kula da canji, buƙatu kuwa suna zaune a tsakiya kowane mataki yana komawa gare su. Idan ka ga asalinsa ka gane halinsa. An rubuta shi ne don manyan hukumomi masu kwamitoci da 'yan kwangila barkatai, inda babbar damuwa ita ce kowa ya yi magana da kalmomi iri ɗaya, kowace shawara kuma ta bar takarda a baya.

Nan ne ƙarfinsa, kuma ba ƙarami ba ne. Idan za ka zauna teburi ɗaya da ma'aikatan banki ko kamfanin sadarwa a Legas ko Abuja, kalmomin TOGAF za ka ji, tallan aiki ma yakan ambaci satifiket ɗinsa. Amma kai shi makarantar Alhaji ka gani. Zai umurce ka ka tantance masu ruwa da tsaki, ka rubuta manufofi, ka zana halin da ake ciki da wanda ake so, ka fitar da giɓin da ke tsakani. Duk daidai ne. Abin da ba zai faɗa maka ba shi ne wace shawara ce mai wuya a cikin duk waɗannan, kuma wa ya kamata ya yanke ta. Ɗaruruwan shafuka ne na abin da ya kamata a yi, misalin wanda ya yi ya ga sakamako kuwa sai an tona. Wani mai bincike, Svyatoslav Kotusev, ya gina littafinsa na 2018, The Practice of Enterprise Architecture, a kan wannan suka: a kamfanonin da ya bincika, abin da ke aiki a zahiri bai yi kama da bin matakan TOGAF ɗaya bayan ɗaya ba. Ko ba ka yarda da shi duka ba, mai rubuta kundi da ya yabi TOGAF bai ambaci wannan suka ba ya bar ƙofa a buɗe ranar kare kundi.

Littafin da nake miƙa wa mutum da farko shi ne Enterprise Architecture as Strategy, na Jeanne Ross da Peter Weill da David Robertson, wanda ya fito a 2006 daga binciken cibiyar nazarin tsarin bayanai ta jami'ar MIT. Bai kai shafi 300 ba, kuma shugabanni aka rubuta wa, ba masu rubuta manhaja ba. Ya tattara rikicin gaba ɗaya a tambayoyi biyu. Ta farko: har ina sassan ma'aikata suke buƙatar bayanan junansu kafin su gama aikinsu? Ta biyu: har ina ake son su yi aiki iri ɗaya sak? Amsoshin suna haifar da fasali huɗu. Akwai inda ba a buƙatar ko ɗaya, kamar attajirin da ke da makaranta da gidan mai da gonar kaji, ba abin da ya haɗa su sai aljihunsa. Akwai inda ake raba bayanai amma kowa da salon aikinsa, kamar asibiti, inda ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin tiyata ba sa aiki iri ɗaya amma majinyacin ɗaya ne. Akwai inda aiki iri ɗaya ne amma ba a raba kwastoma, kamar rassan gidan burodi. Sai na huɗu, inda ake son duka biyun.

To, makarantarmu a ina take? Nan ne aikin yake. Idan yara suna ƙaura tsakanin rassa, ko uba ɗaya yana da 'ya'ya a rassa biyu, raba bayanai ya zama dole. Yin aiki iri ɗaya kuwa zaɓi ne. Saurayin da ya karanta littafin nan ba zai je wa Alhaji da jerin farashin manhaja ba, tambaya zai kai masa: "Ranka ya daɗe, idan hedimastan Samaru ya yafe wa maraya rabin kuɗi, sai yaron ya koma Sabon Gari, dole su ma su amince?" Idan Alhaji ya ce dole, ya rage wa hedimastan Sabon Gari iko. Idan ya ce a'a, ya rage wa na Samaru. Idan ya ce shi kaɗai ke yafewa, ya rage wa duka ukun, ya kuma ɗora wa kansa amsa waya dare da rana. Ko wacce ya zaɓa, manhajar da za a gina daban ce. Ross da abokan aikinta sun dage cewa wannan shawara ta shugaba ce, kuma idan ya ƙi yanke ta, mai rubuta manhaja ne zai yanke masa a ɓoye ba tare da ya san ya yi ba.

Mutanen jami'a sun ga wannan da idonsu a rikicin IPPIS, tsarin biyan albashin ma'aikatan Gwamnatin Tarayya. Gwamnatin Tarayya ta so albashin kowa ya bi hanya ɗaya daga rumbu ɗaya, wato fasali na huɗu. ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, ta ce jami'a tana da abubuwan da ma'aikatar gwamnati ba ta da su, irin su malaman wucin gadi da masu hutun nazari da alawus na musamman, har ta kawo nata tsarin mai suna UTAS. Maganar tana cikin dalilan yajin aikin wata takwas na 2022, kuma a Disamban 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a cire manyan makarantu daga IPPIS. Ko wane ɓangare ka goya wa baya, jayayyar a kan waɗancan tambayoyi biyu aka yi ta, ba a kan kwamfuta ba.

Littafin ya kuma kawo matakai huɗu na girma: kowane sashe da nasa tsarin, sai a daidaita na'urori da manhajoji, sai a gina ginshiƙin bayanai da ayyuka na bai ɗaya, sai a kai ga sassa da ake iya harhaɗawa yadda ake so. Marubutan sun ce ba a tsallake mataki, kuma makarantar da har yanzu rassanta ba su yarda da lambar ɗalibi iri ɗaya ba ta san inda take. Rauninsa a fili yake. Misalansa na manyan kamfanoni ne irin su Delta Air Lines da UPS, an kuma rubuta shi kafin wayar zamani ta shiga hannun kowa, kafin a saba da ajiye bayanai a rumbunan haya na intanet. Ba kuma zai koya maka zana komai ba, ban da hoto guda mai shafi ɗaya da ke nuna ginshiƙin harkar.

Idan littafin Ross ya nuna maka shawarar da shugaba zai yanke, Jan Dietz na jami'ar fasaha ta Delft a ƙasar Holan shi zai nuna maka inda aiki ke ruɓewa a ƙasa. Littafinsa Enterprise Ontology, shi ma na 2006, shi ne mafi wuya a cikin waɗannan duka, kuma a ganina shi ne mafi zurfi. Hanyarsa ana kiranta DEMO. Tushenta ya fito daga masu nazarin magana a matsayin aiki, irin su Habermas da Winograd da Flores, kuma da'awarta ita ce ma'aikata ba komai ba ce illa mutane masu ɗaukar wa juna alkawari. Kowace mu'amala salo ɗaya take bi. Wani ya nema, wani ya yi alkawari, ya aikata, ya sanar cewa ya gama, mai nema ya karɓa. Ana iya ƙin yin alkawarin, ana iya ƙin karɓar sakamakon, ana iya janye kowane mataki. Shi ke nan, amma gwada shi a kan ofis na gaske ka ga abin da zai tono.

Uba ya zo reshen Samaru neman a dawo da ɗansa nan. Hedimasta ba ya nan, sai ya tarar da akawu. Akawu ya karɓi takarda, ya ce, "To Baba, ba komai, in sha Allahu, a dawo ranar Litinin." Uban ya tafi gida da yaƙinin an yi masa alkawari, har ya sallami mai Keke Napep ɗin da ke kai yaron Sabon Gari. Akawu kuwa a ransa takarda kawai ya karɓa. Dietz zai sa ka tsaya a daidai wannan gaɓa ka tambaya: wa ke da ikon yin alkawarin gurbi? Idan hedimasta ne, ya wakilta akawu ko bai wakilta ba? Idan an ƙi, ta wace hanya uban zai ji? Wa ke sanar da cewa an gama, kuma mene ne alamar uban ya karɓa? A ofisoshinmu nema yana da fom, sanarwa tana da takarda mai hatimi, amma alkawari da karɓa a baki suke, cikin ladabi da kunya, shi ya sa rigima take fitowa daga nan. Manhajar da aka rubuta ba tare da an ware waɗannan matakai ba za ta ɗauki ruɗanin ne ta ƙara masa sauri.

Abu na biyu da Dietz ya ba da shi ne rarrabe aiki gida uku. Akwai aikin da ke haifar da sabon abu a duniya, kamar ba da gurbi, yafe kuɗi, yanke cewa ɗalibi ya ci jarrabawa. Akwai aikin lissafi da tunawa, kamar fitar da jimlar bashin da ake bin uba. Akwai aikin dakon takarda: kwafe rasit, ajiye fayil, kai shi ofishi na gaba. Na farkon ne ainihin ma'aikata, kuma ɗan Adam mai iko da alhaki ne kaɗai ke yin sa. Sauran biyun su ne kwamfuta ke iya ɗauka. Idan ka tace makarantar Alhaji da wannan rariya, jerin matakai masu cika shafuka zai koma 'yan mu'amaloli da za ka ƙirga da yatsu, za ka kuma ga cewa yawancin sa hannun da ake jira kwana da kwanaki dako ne kawai, ba shawara ba.

Kuɗin wannan fa'ida shi ne haƙuri. Surorin farko falsafa ce tsantsa, ga alamomi na kansa da ba kowa ya san su ba, kuma da wuya ka ga tallan aiki a Najeriya da ke neman DEMO. Zanensa ma ba abin da za ka shimfiɗa wa Alhaji a tebur ba ne. Kai za ka yi amfani da shi a ɗakinka, ka fito da tambayoyi.

Zane da za a nuna wa mutane aikin Marc Lankhorst ne da abokansa, a Enterprise Architecture at Work, bugun farko 2005. Shi ne littafin harshen zane na ArchiMate, wanda aka ƙirƙira a Holan tsakanin 2002 da 2004, daga baya The Open Group ta karɓe shi ta fitar da shi a matsayin ƙa'ida a 2009. Ya kasa ma'aikata hawa uku, harka a sama, manhajoji a tsakiya, na'urori a ƙasa, a kowane hawa kuma ya bambanta mai yi da abin da ake yi da abin da ake yi wa. Daɗinsa shi ne yana ɗinke hawa da hawa. Ka zana hidimar karɓar kuɗin makaranta, ka ja layi zuwa manhajar rasit, daga nan zuwa kwamfutar tafi-da-gidanka guda ɗaya da ke ofishin akawun Tudun Wada, daga nan zuwa inbata da batiran da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. Sai ka ɗora yatsa a kan kwamfutar ka bi layukan zuwa sama, ka ga hidimomi nawa ne za su tsaya ranar da ta mutu ko aka sace ta. Ba wani littafi a cikin sauran da zai ba ka wannan. Akwai kuma manhajar Archi, kyauta ce, tana aiki ba intanet, abin da mai zama da tsadar data zai yaba.

Haɗarinsa shi ne kyau. Alamomin bugu na 3 na ArchiMate sun haura 50, kuma mai sabon hannu yakan so ya yi amfani da su duka, ya fito da zane mai launi-launi na al'amarin da ba a ma yanke shawara a kansa ba. Zane ba ya warware saɓanin hedimastoci, sai dai ya ɓoye shi a ƙarƙashin akwati mai kyau. Shi ya sa na sa shi a bayan Ross da Dietz, ba a gabansu ba.

Akwai wani ƙarami da ba a cika ambatonsa ba, Enterprise Modeling na Sandkuhl da Stirna da Persson da Wißotzki, 2014, mai koyar da hanyar 4EM. Shi damuwarsa yadda za a samo bayanin daga bakin mutane: a tara su a ɗaki, a manna takardu a bango, su da kansu su jera manufofi da dokoki da ayyuka da masu yin su. Ga mai fara aiki da mutane, ya fi kowanne sauƙin bi. Amma a yi hattara, an gina hanyar a inda ƙaramin ma'aikaci ke iya musa wa shugabansa a bainar jama'a. A nan kashiya ba za ta ce wa Alhaji "ba haka ake yi ba" a gaban hedimastoci, ko da ita ce kaɗai ta san yadda ake yi. Raba zaman: ƙanana su kaɗai, manya su kaɗai, mata ma a ba su nasu in an ga sun yi shiru, sannan kai ka haɗa abin da aka samu ba tare da ka ce wane ne ya faɗa ba.

Duk waɗannan daga ɓangaren ofis da bayanai suka fito. Akwai wani reshe na dabam da ya taso daga masana'antu, wanda 'yan kimiyyar kwamfuta sukan manta da shi. Littafinsa na tushe shi ne Enterprise Modeling and Integration na François Vernadat, 1996, wanda ya yi bayanin CIMOSA, tsarin da aka gina a ƙarƙashin shirin bincike na ESPRIT a Turai, mai duba masana'anta ta fuska huɗu: aiki, bayanai, kayan aiki, da tsarin shugabanci. Daga wannan reshe, tare da aikin jami'ar Purdue a Amurka da na Bordeaux a Faransa, aka haɗa wani tsari na bai ɗaya mai suna GERAM, wanda ya shiga ƙa'idar ISO 15704. Abin da ya bambanta su shi ne sun ɗauki inji da ma'aikaci da kayan sarrafawa da muhimmanci, suna kuma bin rayuwar masana'anta daga tunanin kafa ta har ranar rufe ta. Ɗalibin injiniya da ke nazarin kamfanin matsar man gyaɗa ko waken soya, ko injin gurzar auduga, ko haɗa abincin kaji, nan ne gidansa, TOGAF ba shi da abin ce masa a kan layin sarrafa kaya. Ga makarantar Alhaji kuwa ya yi nauyi. A gefensa akwai ARIS na August-Wilhelm Scheer daga Jamus, wanda za ka ci karo da shi idan aikinka ya haɗa ka da SAP, manhajar gudanar da harkokin kamfanoni.

Saboda haka idan kuɗi ko lokaci na littafi ɗaya gare ka, ɗauki Ross, ko kai ɗan harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello ne mai karanta harkar mulki da kasuwanci ko ɗan Samaru mai rubuta manhaja. Idan akwai ma'aikata ta gaske a hannunka, bi shi da surorin Dietz da ke bayanin mu'amala da rarrabe aiki gida uku, ka tsallake falsafar sai ka dawo mata daga baya, sannan ka sauke Archi ka koyi zane da ƙa'idar ArchiMate da ake karantawa a shafin The Open Group. Da wannan za ka iya jinkirta sayen Lankhorst, wanda kamar sauran littattafan kamfanin ɗab'i na Springer da kuɗin waje ake sayensa. Kafin ka cire ko sisi, leƙa sashen intanet na Laburaren Kashim Ibrahim na jami'ar ka tambayi abin da ake iya samu ta can. Mai rubuta kundi yana buƙatar hanya guda da zai bi har ƙarshe, Dietz ko Lankhorst ko 4EM, ba gaurayen ukun ba. Zachman da Vernadat da Kotusev su zauna a babin bitar ayyukan magabata. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya haɗa da kundin tsarin ma'aikatun gwamnati da NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, ta fitar a 2019, NGEA, domin shi ne na gida, kuma da shi za a iya tuhumarsa. Wanda satifiket yake nema don aiki ya yi TOGAF, ba laifi, amma bayan Ross, lokacin zai san waɗanne sassa ne ke da nama.

A kula da bugu. Jarrabawar TOGAF ta 9.2 da ta bugu na 10 ba ɗaya ba ne, kuɗinta kuma da dala ake biya, don haka tabbatar da wadda za ka zauna kafin ka sayi littafin shiri ko ka karɓi tsohon fotokwafi a hannun aboki. Dietz ma ya sake rubuta littafinsa tare da Hans Mulder a 2020, ya canza wasu kalmomi da alamomi. Ɗalibin da ya ɗauko zane daga na 2006 ya haɗa da bayani daga na 2020 zai sha tambaya a hannun malamin da ya san hanyar, gara ya zaɓi ɗaya ya rubuta shekararsa tun a babi na farko.